Gaskit Ya Ƙone: In Kwance Injin a Gida ko In Kai Gareji?

Baba, Hilux ce mai injin 5L da mahaifinmu ya bar mana. Ina Hawan Kibo da lodin doya allurar zafi ta shiga ja, na lallaɓa har na kai sama. Yanzu ruwa ba ya zama a lagireto, makaniki ya ce gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Kuɗin da ya yanka mini ya fi ƙarfina. Na kalli yadda ake yi a YouTube, kuma ina da akwatin sufana. In yi da kaina a gida? (Wani matashi, Rikkos, Jos)

Allah ya jiƙan mahaifinku, ɗana. Lallaɓawar nan da ka yi ita ta fi ba ni tsoro. Allura ta shiga ja, tsayawa ake yi nan take, ko da a tsakiyar hawa ne, domin ƙarfen kan inji ba ya jure wannan zafin. Ko ya lanƙwashe, ko ya tsage a tsakanin bawul da bawul. Saboda haka ban yarda tukuna cewa gaskit, faifan nan da ke liƙe tsakanin kan inji da bulok (gangar inji), shi kaɗai ya tafi ba.

Ana iya yin aikin a gida, kuma 5L na cikin masu sauƙin hali, babu tarin wayoyi da kwamfuta. Amma akwatin sufana bai isa ba. Injin gas, wato dizal irin 5L, ba shi da fulogi mai tartsatsi, matsa iska yake yi har ta yi zafin da za ta kunna mai. Injin fetur yana matsa iska kamar ninki 10, irin naka yana wuce ninki 20, kuma wannan ƙarfin duka a kan gaskit yake sauka. Kuskuren da injin fetur zai yafe maka, na gas ba zai yafe ba.

Sai ka nemi tok renci, sufanan nan mai auna ƙarfin ɗauri, ko da aro ne, da littafin injin. Kusoshin kai suna da layin da ake bi. Wajen kwancewa daga gefe ake farawa a shigo tsakiya, kaɗan-kaɗan, bayan inji ya huce sarai. Wajen ɗaurewa daga tsakiya ake fita gefe, a kai awon da littafi ya faɗa, sannan a ƙara kwatan zagaye, a sake ƙara wani kwatan. Mai zura bututu a hannun sufana ya taka da ƙafa har ya ji "ya kama" ɓarna yake yi. A auna kusoshin kuma, wanda ya miƙe ya sirance a sauya shi. A wasu injinan, irin 1.9 TDI na Golf da Sharan, tsohon kusa ba ya komawa sam.

Kan injin da ka ciro, kai shi wurin masu injin kankara, masu kankare fuskar ƙarfe ta daidaita. Su ɗora miƙaƙƙen ƙarfe su auna lanƙwasa, su gwada shi da matsi su ga ko ya tsage. Lanƙwasar da ke hana gaskit zama ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Ka busar da ramukan kusoshi, don in ruwa ko baƙin mai ya kwanta a ciki ka ɗaure a kansa, bulok ɗin kansa na iya tsagewa. Tamin bel kuwa shi ne ke juya famfon mai da bawul tare, ka daidaita alamominsa, ka juya inji da hannu zagaye biyu kafin ka taɓa makulli. In bawul ya gamu da fistin, aikin ya ninka. Ka rufe injin da tsumma mai tsabta duk lokacin da ka tashi, ka san ƙurar hunturu a garin nan.

Shawarata ita ce ka yi kwancewa da wankewa da kanka, sannan ka je Farin Gada ka ɗauko gogaggen makanikin gas ka biya shi na yini ɗaya ya tsaya a kan ɗauri da tamin. Kuɗi zai ragu, kai ma ka koya. Kafin a tayar kuma a nemo abin da ya jawo zafin tun farko: lagireto, famfon ruwa, fanka, ko murfin lagireto.

An ce in na fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, ko na zuba ruwan maganin da ake sayarwa a kwalba, gaskit zai liƙe. (Direba, Zuba)

Malam, wutar da ke tura fistin ce ƙwai zai tare? Ƙwan da maganin kwalbar duka za su toshe maka siraran hanyoyin lagireto, ka sayi gaskit, ka kuma sayi lagireto. Ka soya ƙwan ka ba yara.

Baba, hankalina a tashe yake. Hiace ɗin da maigidana ya rasu ya bari ita ke ciyar da mu. Da asuba tana fitar da farin hayaƙi, direba ya ce gaskit ne, in kawo kuɗi. (Wata uwar marayu, Anguwan Rogo)

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, Allah ya raya marayu. Kada ki fitar da ko sisi tukuna. A sanyin Jos mota lafiyayya ma tana fitar da farin tururi da asuba, sai ya ɗauke in inji ya ɗumama. Motar gas kuma tana yin farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai in hita fulogi masu ɗumama inji kafin tayarwa sun mutu ko nozul mai fesa mai ya gaji, waɗannan kuwa ƙananan gyare-gyare ne.

Ki tsaya da kanki gobe da safe, tun inji na da sanyi. A buɗe murfin lagireto, a cika ruwa, a tayar. In kumfa na tasowa ba yankewa, ko ruwan na ambaliya nan da nan, wannan alama ce. A mayar da murfi, a matsa tiyon sama na lagireto, in ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, ita ma alama ce. A zaro ma'aunin baƙin mai a ga ko ya koma kalar shayi da madara. Ki tambayi direba lita nawa ta ruwa yake ƙarawa a yini. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, kuma hayaƙin na ɗaukewa, gaskit ɗinki lafiya yake. Ban ce direban macuci ne ba, yana iya zama bai sani ba, amma ki sa wani ɗan'uwanki ya raka motar wurin makaniki na biyu. Kada kowa ya buɗe murfin nan inji na da zafi, ruwan yana sale fuska.

Na zaga Dilimi, gaskit iri ɗaya, kwali iri ɗaya, wani shagon ya ninka wani sau uku a farashi. Ba gara in ɗauki mai arha ba? (Mai L200, Bukuru)

A nan ne raina ke ɓaci, Alhaji, kuma ba zan gaji da faɗa ba. Kwali ba shaida ba ne. Masu jabu sun iya buga kwali, sun iya buga tambarin Toyota da Elring da Victor Reinz har da leda mai ƙyalli. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan asali suka yi tsada, jabu ya samu kasuwa, kuma mu masu saye mu muke raya shi, don kalmar farko a bakinmu ita ce "ba mai sauƙi?" Mai shago ya ji haka sai ya shiga ciki ya miƙo maka mai sauƙin. A Dilimi haka, a Apo haka, a Zuba haka: na gaske yana nan, na bogi yana nan, sau da yawa a shago ɗaya.

Ka yi lissafi da kyau. Cikin aikin nan duka, gaskit na cikin abubuwa masu ƙaramin kuɗi. Akwai kuɗin makaniki, kuɗin kankarar kai, sabon baƙin mai da filta, ruwan sanyaya inji, da kwanakin da mota ta yi a ajiye ba ta kawo komai. In jabun ya buɗe bayan wata biyu, duk waɗannan za ka sake biyansu. Wannan ma in Allah ya taƙaita ke nan. In ruwa ya tsiyaya cikin silinda da dare ka tayar da safe, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Na taɓa ganin haka da idona a motar wani maƙwabcina da ya yi murnar samun arha a wani shago, ƙarshe inji guda ya saya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce araha ba ta ado.

Ka tafi da tsohon gaskit ɗin kasuwa, kada yaran gareji su jefar. Ka ɗora sabon a kansa, kowane ramin ruwa da na mai ya hau daidai. Ka duba zoben ƙarfen da ya kewaye bakin silinda, na gaske sumul yake, na bogi za ka ga ƙaiƙayi da tudu da kwari. In naka na ainihi faifan ƙarfe ne hawa-hawa, kada ka karɓi mai kama da kwali. Akwai kuma abin da masu shago da yawa ba sa ambata: gaskit ɗin injin gas kauri-kauri ne, galibi iri uku, da 'yan huda ko tsaga a gefe masu nuna wane ne wane. Ana zaɓa ne bisa yadda kan fistin ya leƙo sama da fuskar bulok. Siriri ya yi yawa, fistin ya taɓa kai. Kauri ya yi yawa, matsi ya ragu, ka sha wahalar tayarwa da sanyi. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, fita daga shagonsa. Ka karɓi rasit mai sunan shago da lambar kayan. Ka hana makaniki shafa gam a fuskar gaskit, a bushe ake ɗora shi, mai shafa gam yawanci bai yarda da abin da ke hannunsa ba ne. Wannan gargaɗin ya haɗa da tamin bel da murfin lagireto, su ma jabunsu ya cika gari. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, ruwa na tafasa a nan kafin ya kai digiri 100, murfin ne ke riƙe matsin da ke hana shi tafasa. Murfin bogi guda ya isa ya ƙona maka gaskit na gaske.

Makanikina ya ce a cire tamostat, wai na ƙasar Turawa ne. (Ma'aikaci, Kubwa)

Kada ka yarda. Tamostat shi ke tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, in ya lalace sabo ake sawa. Injin gas da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai, yana hayaƙi, yana cin ringi, kuma cirewar ba ta gyara toshewar lagireto. Ka daina cika lagireto da ruwan rijiya, gishirin da ke cikinsa da tsatsa su ke toshe hanyoyin.

In gyara, ko in sayi injin Beljiyam in huta? (Mai Sharan, Nyanya)

Jira sakamakon masu kankara. In kai bai tsage ba, silinda ba ta ƙarce ba, inji bai saba shan baƙin mai ba, gyara ya fi, don ka san tarihin naka, ba ka san na wancan ba. In kai ya tsage kuma ruwa ya daɗe a cikin mai, to je Apo da makanikinka, a tayar da injin a gabanka, a rubuta kwanakin garanti a rasit, kuma ka sa masa sabon tamin bel kafin ya hau titi.