In Saya Mata ko In Hana? Amsoshin Tambayoyinku kan Littattafan Matasa

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon sun zo daga Jidda da Makka da Riyad da Madina, kuma duk a kan abu ɗaya suke: littattafan labari da yaranmu ke so, da kuɗin da ake kashewa a kansu. Na zaɓi huɗu.

Anti, 'yata shekararta 14, a nan Jidda aka haife ta. Ba ta da zance sai na littattafan aljanu da ƙawayenta ke yawo da su a makaranta. Ta ce in ba ta riyal 200 ta je baje kolin littattafai. Ni dai gabana faɗuwa yake, kada ta karanta abin da zai taɓa mata imani ko ya hana ta barci. In ba ta ko in hana?
Maman Hanan, Sabil, Jidda

Maman Hanan, ki ba ta, amma ki sa abayarki ku tafi tare. Yarinyar da ta zo ta roƙi kuɗin littafi a zamanin da waya ta cinye hankalin manya da yara, ai abin godiya ce ga Allah. In kin hana ta, ba daina karantawa za ta yi ba. A wayar ƙawa za ta karanta, inda idonki bai kai.

Kuma ki tuna mu ma da labarin dodo aka rene mu. Gizo da Ƙoƙi, da dodon da ke tare hanyar rafi, da yarinyar da ta bi kyakkyawan saurayi ya rikiɗe mata a daji. Kakanninmu sun san yaro yana son ya ji tsoro kaɗan alhali yana zaune cikin aminci a gefen babba. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, har da sura guda da sunansu. Abin da ke cikin littafin labari kuwa ƙirƙirar marubuci ce, kuma 'yar shekara 14 tana iya rarrabe biyun in an zauna da ita an yi magana. Abin da nake gudu shi ne labarin da ke mai da boka jarumi, ko yake zayyana yadda ake kiran aljani dalla-dalla kamar darasi. Wannan ki ajiye shi, komai kyan bangonsa.

Littattafan da ake kira na aljanu ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan iyaye ke rikicewa. Akwai na ban dariya da tsoro a haɗe, kuma da su nake so Hanan ta fara. Wanda na fi amincewa da shi shi ne jerin Ma Wara'at Tabi'a na Dakta Ahmad Khalid Taufik, likita ɗan garin Tanta a Masar, wanda ya fara fitar da su a 1993 ya kai kusan 80 kafin rasuwarsa a 2018. Jarumin, Rif'at Isma'il, tsohon likitan jini ne, siriri, mai sanƙo, ba lafiya gare shi ba, ga mita. Duk abin tsoron da ya tunkaro shi sai ya tarbe shi da ƙorafi da zolaya, mai karatu yana cikin firgita ya tsinci kansa yana dariya. Ƙananan littattafai ne na sa wa a aljihu, Larabcinsu mai sauƙi, kuma yawanci kowanne labarinsa daban, ba lallai a tara duka ba. Abu ɗaya: mutumin mashayin sigari ne, kada ki gani a shafi ki yi mamaki.

Sai kuma Haujan na Ibrahim Abbas, wanda ya fito a 2013. A nan Jidda labarin yake, aljani ne ke ba da shi da bakinsa, bayan wasu mutane sun tare a gidan da danginsa ke zaune, shi kuma ya kamu da son 'yar gidan. Ya jawo ce-ce-ku-ce a shekarar da ya fito, har aka janye shi daga wasu shaguna na ɗan lokaci kafin ya dawo, kuma fim ɗinsa ne ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a 2023. Ni a ganina ya fi dacewa da 'yar 16 zuwa sama, kuma in za a saya, ke ki riga ta karantawa. Na tabbata kuma sunan da Hanan ta fi ji a bakin ƙawayenta shi ne Usama Almusallam, ɗan Ahsa, wanda matasa ke yi wa layi a wuraren baje koli don ya sa musu hannu a littafi. Khauf ɗinsa na 2015 tsoro ne tsantsa, da duhu da maganar tsafi, ba wasa a ciki. Ban ce mugun marubuci ba ne, ya jawo dubban yara zuwa karatu. Amma ga yarinyar da uwarta ke tsoron rashin barcinta, a dakata shekara biyu ko uku.

Yanzu batun kuɗi. Kada ku kashe 200 ɗin a rumfar farko. Masu sayarwa za su nuna muku jerin littattafai a cikin kwali mai sheƙi, a ce ya fi araha in an ɗauka gaba ɗaya. Ku sayi na ɗaya kawai. In ta gama shi tana neman na biyu, kantin littattafai na Jarir na nan duk shekara. Na sha shiga gidajen da kwalin littafi shida ke ajiye, biyar ko ledarsu ba a ɓare ba. Littafi kamar atamfa ne, sai an warware ake sanin zanensa: ki buɗe tsakiya, ba farko ba, ki karanta shafi biyu a tsaye. Marubuta suna gyara shafin farko saboda iyaye, tsakiya ne ke faɗin gaskiya. Ki duba takardar ma. In rubutun ya yi dishi-dishi, ko shafuka na zamewa daga ɗauri, kwafin sata ne, ba zai kai ƙarshen hutu ba. Baje kolin Jidda yawanci a watan Disamba ake yi, kuma sau da yawa a kwanakin ƙarshe masu rumfunan da suka zo daga Masar da Labanan sukan sassauta farashi don kada su koma da kaya. Ki ware riyal 50 daga ciki ki ce mata wannan nata ne, ta zaɓi abin da ranta ke so, ke dai ki leƙa tsakiya.

Anti, shekarata 18. Hausa nake yi da Ummata a gida, amma karatuna duk da Larabci na yi, boko sai in haɗa baƙi da ƙyar. Ina jin 'yan uwana na Kano suna hirar littattafan soyayya na Hausa har ina kwaɗayi. An sa ni a wani zaure na WhatsApp, ana cewa a tura kuɗi a samu cikakken littafi. Yaya zan biya daga nan, kuma da wanne zan fara?
Ɗiyarki, Shara Mansur, Makka

'Yata, wasiƙarki ta faranta mini rai ƙwarai. Hausawa sun daɗe a Makka, wasu kakanninsu a ƙafa suka ratso Chadi da Sudan suka tsallako ta Sawakin, kuma da yawa daga jikokinsu yau suna jin Hausa amma ba sa iya karanta ta. Ke kina da abin da ya fi wuya, wato harshen a bakinki. Boko kuwa abu ne na 'yan makonni. Kin san haruffan Turanci daga makaranta. Abin da ya rage ki saba da masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da irin su ts da 'y. Ki nemi littafin da aka karanta da murya a YouTube wanda kuma kike da rubutunsa, ki riƙa bi da ido kunne na saurare. In kin ci karo da kalmar da ba ki sani ba, Umma na ɗaki.

Game da zauren nan, ki yi hattara ta fuska uku. Da farko ki tabbatar marubuciyar ce da kanta ke karɓar kuɗin. Akwai masu kwashe littattafan mutane su buɗe zaure suna sayarwa, baiwar Allah ta kwana tana rubutu da babban yatsa a waya, wani ya ci guminta. Wannan haƙƙi ne, kada ki sa hannu a ciki. Marubutan gaskiya suna sakin shafukan farko kyauta, da lambarsu a jiki. Na biyu, ki tambaya ko littafin ya kammala. Da yawa ana sayar da su ana cikin rubutawa, wani a kai tsakiya marubuciya ta yi shiru, kuɗinki ya tafi, labari ya tsaya a ranar ɗaurin aure. Na uku, kuma ba zan ɓoye miki ba, cikin littattafan intanet akwai na batsa zalla da aka lulluɓe da sunan soyayya ko gyaran aure. In kika ga an rubuta na matan aure ne kawai, ko an raba kuɗi biyu ana cewa na manya ya fi tsada, ki fita. Ba don soyayya abin kunya ce ba. Labarin da zai sa ki hawaye saboda an raba masoya, ko an yi wa yarinya auren dole, ko kishiya ta shiga tsakani, yana koya miki halin mutane. Wancan kuwa ba ya bar miki komai sai nauyin zuciya.

Biya kuwa, yawancinsu asusun banki na Najeriya suke bayarwa, da naira. Hanya mafi sauƙi ita ce 'yar uwarki ta Kano ta tura, ta aiko miki da shaidar biya, ku daidaita a tsakaninku. Kada ki ba kowa lambar katin banki na Mada, naki ko na Abba, kuma kada ki tura hoton iƙama, wato katin izinin zama, don wai a yi miki rajista. Sayen littafi ba ya buƙatar wannan.

Amma da a ce ni ce ke, ba da zaure zan fara ba. Duk wanda zai zo Umra daga gida, ki roƙe shi ya saƙo miki littattafan takarda biyu ko uku a jaka, ba su da nauyi. Ki ce a nemo So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, gajere ne, kuma ana lissafa shi cikin na farko da mace ta rubuta da Hausa. A haɗo da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, don Hausarsa za ta gyara miki harshe, ga ban dariya. Kafin su iso, gajerun labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, suna nan kyauta, kuma tsawonsu daidai da mai koyo.

Hajiya, ni direba ne a Riyad. Yarona ɗan shekara 15 ya ce in saya masa Kindle, na'urar karanta littattafai, wai ya fi littafin takarda araha. Abokina ya ce gara tablet. Wanne ya fi?
Abu Sadik, Riyad

Malam Abu Sadik, ka fara tambayarsa da wane harshe yake karatu. In Turanci ne, Kindle zai amfane shi: ba ya gajiyar da ido, cajinsa na makonni, kuma ba wasanni ko bidiyo da za su ja shi. In Larabci ne, ka sani manhajojin da suka fi tara littattafan Larabci, irin na Jarir da Abjjad, ba sa hawa kan Kindle, sai waya ko tablet. In kuma Hausa ce, kusan duk a WhatsApp da Wattpad suke, Kindle ba zai yi masa komai ba. Tablet kuwa, kai ma ka san inda ɗan shekara 15 zai ƙare da ita in dare ya yi.

Shawarata kada ka sayi ko ɗaya yanzu. Ka saya masa littafin takarda ɗaya duk wata har wata uku, ka kuma kai shi ɗakin karatu na Sarki Abdul'aziz da ke nan Riyad. In ya cinye su yana neman ƙari, ya cancanci na'ura, kuma a lokacin ka san wadda ta dace.

Anti, kunya nake ji. Shekarata 34, 'ya'yana uku, amma littattafan soyayyar 'yata ta fari nake ɗauka in karanta in sun tafi makaranta, har in yi ta kuka. Maigidana ya gani ya ce wannan ai na yara ne. In daina?
Wata 'yar uwa, Madina

'Yar uwa, kada ki daina. Abin da ya sa irin waɗannan littattafai ke kama zuciya shi ne suna magana a kan lokacin da komai ke faruwa karo na farko: so na farko, rabuwa ta farko, ranar da mutum ya fara gane iyayensa ma suna da rauni. Kin wuce ta nan, shi ya sa hawayen. Mace da ke zaune nesa da danginta, yini a cikin gida tsakanin girki da wanki, in ta sami sa'a guda da labarin da ya motsa mata rai, ban ga laifi ba, muddin bai ci lokacin salla ko haƙƙin gida ba.

Kuma ki daina ɓoyewa daga 'yar taki. Ki ce mata kin karanta, ki tambaye ta me ya sa take ganin jarumar ta yafe wa wanda ya wulaƙanta ta, ko ita za ta yarda saurayi ya riƙa bincika mata waya kamar yadda na cikin littafin ke yi ana kiransa kishi. Maganar da ba za ta taɓa yi miki a kan kanta ba, za ta yi ta a kan yarinyar cikin labari. Shi kuwa maigida, ki ce masa littafi ɗaya mutum biyu ke karantawa a gidan, kuɗinsa bai tafi a banza ba. In kun gama, ku haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku masu 'yan mata, kowane gida ya sayi ɗaya a wata ku riƙa musanya, a rubuta sunan mai shi a bangon ciki.

Tambayar Malama daga Dammam a kan littattafan yara 'yan ƙasa da shekara 10 tana buƙatar fili nata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.