Yaya, ga dalilin da ya sa ba ma tashi daga tsohon gida a Jamus

Yaya, ka tambaye ni me ya sa har yau nake cikin gidan hayar da na shiga tun ina gwauro, ga yara sun girma, ɗakuna sun yi mana kaɗan. Ka kuma ce ina gwamnati take da ta bar masu gidaje suna yin yadda suka ga dama. Bari in warware maka.

Zaman haya a nan ba abin kunya ba ne. Fiye da rabin magidantan Jamus a haya suke, a Balin, babban birnin ƙasar, kuwa sun haura kashi 80 cikin ɗari, har da likitoci da malaman jami'a. Wata-wata ake biya. Kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa ba ya wuce na wata uku, kuma kana da damar biya sau uku. Tun 2015 wanda ya ɗauko dillali shi ke biyansa la'ada.

In ka riga ka shiga gida, doka tana bayanka. Mai gida ba ya korarka don ya ga wanda zai biya fiye da kai. Galibi sai dai in ka daina biya, ko ya nuna shi ko danginsa na kusa za su zauna ciki. Ƙari ma yana da iyaka: kashi 20 cikin shekara uku, a biranen da gidaje suka yi wuya kuma kashi 15. Shi ya sa namu mutanen suke riƙe tsohuwar takardar haya kamar gado. Na san dattijon da ke hawa bene huɗu da ciwon gwiwa, an ce ya nemi na ƙasa, ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya san in ya fita, ninkin abin da yake biya zai tarar a waje.

Wanda ke bakin ƙofa shi ke shan wuya. Domin shi aka yi dokar da suke kira birkin haya a 2015: a biranen da gidaje suka yi wuya, sabon ɗan haya kada a caje shi fiye da kashi 10 bisa abin da aka saba biya a unguwar, kuma akwai jadawalin gari da ake dubawa, sunansa madubin haya. Amma dokar ba ta shafi sababbin gidajen da aka fara shiga bayan 1 ga Oktoban 2014 ba, wasu masu gidaje kuma sai su jefa gado da kujera ciki su ce gida ne mai kaya na ɗan lokaci. Sannan kai ɗan haya ne za ka tayar da magana. Yaya, baƙon da ya yi wata takwas yana nema, ya samu da ƙyar, shi ne zai fara da rikici da mai gida?

Gwamnatin Balin ta taɓa yin ta maza. A 2020 ta ɗora wa haya murfi, ta ce ba ƙari tsawon shekara biyar, wasu ma aka rage musu. A Afrilun 2021 kotun tsarin mulki ta rushe dokar, ta ce wannan hurumin tarayya ne. Masu gidaje da yawa suka nemi cikon da aka rage. Waɗanda suka ajiye rarar a gefe suka tsira, waɗanda suka aika gida sai da muka haɗa musu. A Satumbar shekarar mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a cewa a karɓe gidaje daga kamfanonin da ke da fiye da 3,000, masu goyon baya suka yi rinjaye, amma ƙuri'ar ba ta zama doka kai tsaye ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne gwamnatin garin da kanta ta sayar da gidajenta kusan 65,000 a 2004 don neman kuɗi. Gwamnatin tarayya ta tsohon shugaban gwamnati Olaf Scholz kuma ta yi alkawarin gina 400,000 duk shekara, ba ta kai ba.

Akwai tallafin kuɗin haya ga mai ƙaramin albashi, an faɗaɗa shi a 2023, akwai kuma takardar neman gidan gwamnati mai rahusa, sai dai layi.

To mu abin da muke yi ke nan. Mai shirin tashi ba ya fara gaya wa mai gida, sai ya sanar da 'yan'uwa a WhatsApp, sannan ya kai wani a matsayin magajinsa. Kuɗin ajiya da adashi muke haɗa shi. Sabon zuwa ana sauke shi a falo, amma da sanin mai gida, a kuma yi masa rajistar adireshi, don ba rajista ba komai. Muna matsa wa kowa ya shiga ƙungiyar 'yan haya, lauyoyinsu su karanta masa duk wasiƙar ƙari kafin ya amince.

Saboda haka in ɗanka ya samu gurbin karatun nan, ka faɗa mini da wuri in fara cigiya. Kafin nan kujerar falona tana nan, ta kwantar da mutum shida kafin shi.