Rijiyar bakin masallaci: amsar Baba a zauren unguwa

(Muryar da Baba ya turo ce, an mayar da ita rubutu saboda masu ƙarancin data.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar zaure, barkanmu da dare. Na saurari muryar ɗanmu da ya kawo shawarar a cike rijiyar bakin masallaci a kafa shagon cajin waya a wurin, tunda yanzu kusan kowane layi da burtsatse, kuma ya ce rijiyar haɗari ce ga yara. Na kuma ji 'yarmu da ta ce ita ba ta ma san wa ya haƙa ta ba. To ɗana, Allah ya yi maka albarka, halak ɗinka kake nema. Amma ku ara mini kunnuwanku.

Mu da muka fara zama a wannan hayi na bayan Rigasa a garin Kaduna, yawancinmu daga kudancin gari muka taso: Kakuri, Makera, Nasarawa. Masaƙa ce ta tara mu can. Tun 1957, zamanin Sardauna, masaƙar KTL ta fara saƙa, daga baya masaƙun UNTL da Arewa suka biyo. In an tashi daga aiki, kekuna ne a titi sai ka ce fari. Maƙwabcina, ɗaki da ɗaki, mutumin Kagoro ne, Kirista. Daren da uwargidana ta haifi ɗanmu na fari ina bakin inji, matarsa ce ta kwana a kanta.

Sai rikicin addini ya ɓarke a watan Fabrairu na 2000. Ba zan fama wannan gyambo ba, wanda ya gani ya gani. Aka sake a 2002, ga masaƙu sun fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kogin Kaduna ya zama iyaka. Shi maƙwabcin nawa ya yi Sabon Tasha, ni na ɗora katifa da tukwane a bayan akori-kura muka shigo ta Bakin Ruwa.

Kuma ku daina cewa daji muka tarar, wallahi ba daji ba ne. Gonakin Gbagyi ne, kunya-kunyan doya da dawa, ga matansu na wucewa da itace a kafaɗa, don su ba sa ɗaukar kaya a ka. Dattijon da ya sayar mana da filaye, shi ya ga yaranmu na zuwa rafi da jarkoki tun asuba. Ya kama hannuna ya kai ni wani wuri da ciyawa ba ta bushewa ko da rani, ya dangwara sandarsa ya ce ku haƙa nan. Ko sisi bai karɓa ba na wannan gurbin.

Karo-karo muka yi muka ɗauko mai haƙa, mu kuma muna jan ƙasa da guga, hannu duk kanta. Muka ci karo da marmara, diga na tashi da tartsatsi, har wasu suka ce a haƙura. Mata na kawo ɗanwake da kunu. Ranar da danshi ya ɓullo, wani bawan Allah da shagonsa ya ƙone a rikici, wanda tun zuwanmu ba ya magana da kowa, ya shafa taɓon a fuska ya zauna yana kuka. Allah ya jiƙansa. Da ruwan nan aka buga bulon masallaci, da shi aka wanke gawar farko da muka yi a hayin nan, kuma matan Gbagyi sun sha ja tare da matanmu.

Tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa a 2016 fili ya yi tsada, baƙi sun shigo, muna maraba da su. Amma burtsatse sai da wuta. Bara da taransifoma ta ƙone, 'yan ga-ruwa suka ninka kuɗin jarka, ina kuka yi layi da bokitai?

Abin da ɗanmu ya faɗa na haɗarin yara gaskiya ne, bakinta ya zaizaye. Saboda haka a ɗaga shi da siminti, a yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo, makulli ya zauna wurin ladan. Shago kuma, ɗana, ka zo gida ka same ni, akwai ɗan wuri jikin katangata. Buhun siminti ɗaya ni zan kawo. Sakatare, rubuta sunana, ranar Asabar bayan sallar asuba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.