Amsa ga mai tambaya kan riƙe kamfanin samar da ma'aikata idan kasuwa ta juya

Assalamu alaikum, Malam. Ka ce kamfanonin da kake nema wa ma'aikata sun dakatar da ɗaukar sababbi, kuɗin shiga ya ragu, kuma kana tunanin ko ka rage la'adarka ko ka sallami wasu daga cikin ma'aikatan ofishinka. Na daɗe a wannan sana'a, na ga lokacin cika da lokacin ƙamfa, kuma abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa kamfanin irin namu ba kasafai rashin ciniki ke kashe shi ba. Abin da ya fi kashe shi shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da kuɗi ke fita daga hannunka da ranar da suke dawowa.

Aikinmu iri biyu ne, kuma kowanne da yadda yake amsa canjin tattalin arziki. Na farko shi ne samar da ma'aikacin dindindin, inda ake biyanka la'ada sau ɗaya, galibi tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na albashinsa na shekarar farko. Ribarsa tana da kauri, amma shi ne ke fara tsayawa cak idan shugabannin kamfanoni suka tsorata, domin ba wanda ke son ɗaukar nauyin albashi na shekaru alhali bai san yadda gobe za ta kasance ba. Na biyu shi ne ma'aikatan wucin gadi da na kwantiragi, waɗanda kai ne ke biyansu albashi, sannan ka tura wa kamfanin da suke yi wa aiki takardar neman biya tare da ɗan abin da ka ɗora. Ribar kowane mutum kaɗan ce, sai dai tana shigowa a kai a kai.

Kada kuma ka ɗauka cewa ɓangaren wucin gadi mafaka ce da iska ba ta kaɗawa. A Amurka, adadin ma'aikatan wucin gadi ya fara raguwa tun farkon 2007, kafin koma bayan tattalin arziki ya fara a watan Disamba na shekarar, kuma zuwa tsakiyar 2009 ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Adecco, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan sana'a a duniya, mai hedikwata a Suwizalan, ya rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigarsa a 2009. Amma ga abin da ya kamata ka lura da shi: ɓangaren wucin gadin nan ne ya fara farfaɗowa a ƙarshen 2009, watanni kafin sauran guraben aiki su fara ƙaruwa. Dalili kuwa a fili yake, domin mai kamfanin da ciniki ya fara dawo masa amma zuciyarsa ba ta kwanta ba tukuna, zai fi son ya ɗauki mutum na wata uku ya gani. Saboda haka littafinka na ma'aikatan wucin gadi yana gaya maka inda kasuwa ta dosa kafin jaridu su faɗa, muddin kana duba shi mako-mako.

A nan ne haɗarin da na ambata da farko yake, kuma a nan nake so in daɗe. Ma'aikacin wucin gadi ana biyansa duk mako ko duk wata ba tare da jinkiri ba, amma kamfanin da ya yi wa aikin yakan biya ka bayan kwana 30 ko 60, wani lokaci har 90 idan babba ne mai jin ƙarfinsa. Ma'ana, kai ne ke ba abokin cinikinka bashi ba tare da ka shirya zama banki ba. Duk ƙarin mutum ɗaya da ka tura aiki, ƙarin rami ne da za ka cike daga aljihunka kafin a biya ka. Shi ya sa na ga kamfanoni da suka jure koma baya lafiya, sannan suka durƙushe a daidai lokacin da kasuwa ta buɗe, domin sun karɓi kwantiragin da ya fi ƙarfin jarinsu, ranar albashi ta zo, asusu babu komai. Idan aka haɗa da hauhawar farashi da tsadar kuɗin ruwa a banki, kuɗin da aka biya ka bayan wata uku ba su kai darajar waɗanda ka fitar ba. Don haka kafin ka yi maganar rage la'ada, zauna da mai kula da asusunka ku lissafa kwana nawa ake ɗauka kafin kowane abokin ciniki ya biya, ku ware masu jan ƙafa, ku nemi a rage wa'adin ko a ba da kafin alƙalami. Akwai cibiyoyin kuɗi da ke sayen takardun neman biya su ba ka mafi yawan kuɗin nan take, kuma suna da amfani a lokacin bunƙasa, amma ka karanta sharuɗɗansu da kyau, musamman wanda ya ce idan abokin cinikin bai biya ba, bashin zai dawo kanka.

Game da rage la'ada, ra'ayina shi ne kada ka yi. Farashin da ka sauke a lokacin ƙunci yana da wuyar ɗagawa idan sauƙi ya zo, domin abokin ciniki ya riga ya san inda za ka iya durƙusawa. Gara ka ba da sassauci ta wata fuska, kamar raba biyan la'adar kashi biyu, ko tsawaita wa'adin da za ka maye gurbin ma'aikacin da ya bar aiki kyauta. Idan dole sai ka rage, to ka karɓi wani abu a madadinsa, misali a ba ka gurbin kai kaɗai ba tare da wasu dillalai ba.

Ka kuma duba ko abokin ciniki ɗaya ne ke riƙe da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinka, ko kuwa duk abokan cinikinka a fanni ɗaya suke. A 2020, lokacin annobar korona, waɗanda suka dogara da otal-otal da sufurin jiragen sama sun ga aiki ya tsaya a cikin makonni, alhali masu samar da ma'aikatan lafiya da na rumbunan ajiyar kaya ba su iya biyan buƙata ba. Haka kuma masu nema wa kamfanonin fasaha ma'aikata sun sha daɗi a 2021, sannan daga ƙarshen 2022 manyan kamfanonin suka shiga sallamar dubban mutane. Fanni biyu ko uku da ba sa faɗuwa tare sun isa ƙaramin kamfani, ba sai ka bazu ko'ina ba.

Batun sallamar ma'aikatan ofishinka shi ne ya fi damuna. Dukiyar kamfaninka ita ce amanar da ke tsakanin jami'anka da manajojin da ke ɗaukar aiki. Tun da LinkedIn, shafin intanet da ma'aikata ke sa bayanan aikinsu, ya yaɗu, kowa na iya ganin sunayen masu neman aiki, don haka abin da ake biyanka dominsa shi ne tantancewa da sanin wanda zai dace da wane wuri, kuma wannan yana kan mutanenka ne. Ka fara da rage kuɗin haya da na manhajojin da ba a amfani da su, sannan ka tattauna da su a fili kan rage kwanakin aiki na ɗan lokaci. Idan sallama ta zama dole, ka yi ta sau ɗaya, ka biya kowa haƙƙinsa cikakke, domin sallama kaɗan-kaɗan tana sa nagartattun su fara neman mafita.

Akwai wata ƙofa da ƙunci ke tura mutane gare ta, wato karɓar kuɗi daga masu neman aiki da sunan rajista ko fom. Ina roƙonka ka nisance ta. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta ce kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu kada su caji ma'aikata kuɗi, kai tsaye ko a fakaice, sai a 'yan keɓantattun yanayi da hukuma ta amince. Ko ƙasar da kake ba ta rattaba hannu a kanta ba, manyan abokan ciniki da yawa suna sa wannan sharaɗi a kwantiraginsu, kuma mutumin da ka karɓi kuɗinsa a lokacin da ba shi da albashi ba zai amsa kiranka ba ranar da kake neman ƙwararre cikin gaggawa. Ka yi amfani da waɗannan watanni na sanyin kasuwa wajen kiran masu neman aikin da ke cikin kundinka ɗaya bayan ɗaya, ka sabunta bayanansu, ka kuma ziyarci manajojin da suka dakatar da ɗauka ka tambaye su wane gurbi za su fara cikewa idan aka sake musu kasafi.