Nawa zan fara biyan mai digiri a shagona?

Wani mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Harka ta buɗe, yana son ɗaukar matashi mai digiri ya riƙe masa lissafi da sito. Mutum biyu sun kawo takardu, ɗaya ya karanta aikin akanta, ɗaya kimiyyar siyasa. Wa zai ɗauka, kuma nawa zai fara ba shi?

Alhaji, kafin ka yanka kuɗi, dubi abin da yaron ya baro. Alawus ɗin ɗan bautar ƙasa ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa 70,000 ne tun 2024, Jihar Kano kuma ta sa nata 71,000. Gaskiya ne dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Amma wanda ya ajiye kakin bautar ƙasa jiya, ka ce masa ga 50,000, zai ce Allah ya amfana, ya riƙe maka aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana cike fom ɗin neman aikin banki.

Gwamnati takarda take biya. Mai digiri kan shiga aiki a mataki na 8, ko tarihi ya karanta ko tattalin arziki, sai dai likitoci da sauran ma'aikatan lafiya da malaman jami'a kowa da nasa tsarin albashi. Kamfanonin mai da na sadarwa da manyan bankuna su ne ke zuba kuɗi, amma gurabensu kaɗan ne. Kai kuwa aiki za ka biya, don haka kada sunan digiri ya ruɗe ka.

Ka gwada su. Miƙa wa kowannensu rasitan watan jiya da littafin bashi, ka ce ya shigar da su a manhajar lissafi ta Excel, ya faɗa maka dila nawa ya kamata a tarar a sito, su wa ake bi, nawa. Sau da yawa a nan ake ganin mai kimiyyar siyasar da ya tashi a shagon babansa ya fi akantan da bai taɓa ganin yadda ake ba da kaya bashi ba. In akantan yana bin jarrabawar ICAN ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ka san farashinsa zai tashi, ka shirya ƙara masa ko ka shirya rabuwa da shi.

Shawarata, kada ka sauka ƙasa da 77,000, ka ɗora kuɗin abinci da na adaidaita sahu a kai. Ku yi wata uku na gwaji, a rubuce, da alƙawarin ƙari in lissafi ya riƙa daidaita da kayan sito. Kuma ko ɗan ɗan'uwanka ne, kada mai rubuta littafi ya zama shi ne mai karɓar kuɗi.