Tambayoyi da Amsoshi: Yadda waya za ta riƙe miki kuɗin marmari ba tare da zuciya ta dame ki ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya, albashina Naira 120,000 ne. Duk ranar da na sayi ɗan tsire, ko humra, ko na je aka yi mini lalle, sai in kwana zuciyata tana damuna kamar na ci kuɗin cefane. Akwai manhajar da za ta taimake ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ke damun ki shi ne kuɗin cefane, da na makarantar yara, da na humra duk a tukunya ɗaya suke. Ko Naira 500 kika taɓa, ba ki san ko ta wane ce ba, dole hankali ya tashi. Iyayenmu sun magance wannan tun da daɗewa da asusun ƙasa da ƙullin bakin zane. Waya ma za ta yi miki aikin, in kika saita ta sau ɗaya.

Ki fara da takarda. Ki cire abinci, haya, kuɗin mota, kuɗin makaranta, zubin adashe da abin da kike aika wa iyaye. Daga ragowar ne za ki yanke kuɗin marmari. A ce kin tsayar da kashi 5 cikin 100 na albashin, Naira 6,000 ke nan a wata, wato 1,500 a mako.

Sai ki buɗe asusu na biyu wanda ba shi da wani aiki sai wannan. OPay, PalmPay, Moniepoint ko Kuda duk za su yi, BVN ko NIN da hoton fuska suke nema. Daga nan ki shiga manhajar bankin da albashinki ke shiga, ki nemi wurin tura kuɗi kai tsaye a kan lokaci, yawanci an rubuta masa "Standing order" ko "Scheduled transfer". Ki sa 1,500 duk Juma'a. Na fi son na mako a kan na wata, domin in 6,000 suka faɗo gaba ɗaya ranar 1 ga wata, kafin ranar 10 an cinye su, sai a koma ana satar kallon babban asusu. In albashi kan makara, ki sa ranar turawa bayan ranar da ya saba shigowa da kwana biyu ko uku, don in bankin ya zo cira bai tarar da kuɗi ba, umarnin faɗuwa yake yi, wasu bankunan kuma ba sa sake gwadawa.

Wurin da mutane suka fi zamewa shi ne haɗa katin babban asusu da sabuwar manhajar. Da zarar kin yi haka, taɓawa biyu ce ke tsakaninki da ƙarin kuɗi, kina tsaye gaban mai tsire ƙamshin ƙuli da albasa na dukan hanci. Kada ki haɗa. Ki bar turawar mako ta zama ita kaɗai ce ƙofar shiga. Katin albashi kuma ya zauna a gida ranar da za ki fita yawon kasuwa.

Abu biyu ki lura da su. Harajin Naira 50 na tura kuɗi yana hawa ne daga Naira 10,000 zuwa sama, don haka ƙananan turawa na mako ba sa shiga cikinsa. Na biyu, wasu aljihunan ajiya na waɗannan manhajoji, irin OWealth na OPay, kuɗin ruwa suke ƙarawa kullum. In kina guje masa, ki bar kuɗin a ainihin asusun ba tare da kunna aljihun ba, ko ki buɗe na biyun a bankin da ba ya mu'amala da ruwa, kamar Jaiz, TAJBank ko Lotus.

Abin da ya shiga wannan asusu kuwa naki ne halak malak, tunda haƙƙin kowa ya riga ya fita. Rai dangin goro ne, ban iska yake so. In kin bar shi mako uku ya taru ya kai 4,500, ki sayi turaren da kike so ki shafa da kwanciyar hankali.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Katsina. Nishaɗina kawai kallon fim a YouTube da TikTok da daddare, amma datar wata tana ƙarewa a kwana 12, har in rasa ta karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a Janairun 2025, kowa ya ji a jikinsa. Ka raba datar kamar yadda ake raba kuɗi. In wayarka mai layi biyu ce, layi ɗaya na karatu da WhatsApp, ɗayan na kallo, ka riƙa saya masa ta mako ko ta dare, wadda ta fi araha. Ta kallo ta ƙare, kallo ya tsaya sai mako mai zuwa.

Sannan ka rage ƙarfin hoto. A YouTube ka taɓa alamar saiti a saman bidiyon, ka zaɓi 360p ko 480p. A ƙiyasi, awa ɗaya a 480p tana cin abin da bai wuce rabin gigabait ba sosai, a 1080p kuwa takan ninka haka sau uku ko fiye, alhali a fuskar waya mai inci 6 bambancin ba shi da yawa. TikTok yana da maɓallin "Data Saver" a cikin saitunansa, ka kunna. TikTok ɗin ya fi haɗari, domin yana sauke bidiyo na gaba tun ba ka kai gare shi ba. A WhatsApp ka shiga "Storage and data" ka kashe saukar bidiyo da kansa, guruf ɗin aji da na 'yan'uwa suna shan data a ɓoye.

A saitunan Android ka rubuta "data usage" a akwatin nema, za ka ga inda ake sa gargaɗi da iyaka. Ka daidaita ranar fara lissafi da ranar da ka sayi datar, in ba haka ba lissafin wayar da na kamfani ba za su zo ɗaya ba. Lambar *323# tana nuna ragowar data a dukkan layukan Najeriya.

Tambaya: Ina ganin ana cire mini kuɗi kaɗan-kaɗan daga kati da kuma kuɗin kira, ban san na mene ne ba. Ɗana kuma yana buga gem a wayata.

Amsa: Alhaji, wannan kuɗi ne da ke fita ba ka ji daɗinsa ba, shi ya fi cancanta a fara toshewa. Ka buɗe Play Store, ka taɓa hotonka a sama, ka shiga "Payments & subscriptions", sannan "Subscriptions". Duk abin da ke sabunta kansa yana nan. Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗi, sai ka soke rajistar a wannan wuri, kuma nan ne gwajin kyauta na kwana 7 ke kama mutane. A iPhone kuwa Settings ne, ka taɓa sunanka, sannan "Subscriptions", ka ga jerin.

Saboda yaron, ka kunna neman kalmar sirri ko zanen yatsa kafin kowace sayayya a saitunan Play Store. Akwai wurin sa kasafin wata a can, amma nuna maka kawai yake yi, ba ya hana saye. Na kuɗin kira kuma, ka danna *305# ka ga ƙananan hidimomin da aka yi maka rajista, irin waƙar kira da saƙon labarai, ka cire waɗanda ba ka so. Wanda kake jin daɗinsa da gaske ka bar shi, amma ka mayar da biyansa kan katin asusun marmari.

Tambaya: In kuɗin makon ya ƙare kuma ana babban wasan ƙwallo, laifi ne in ranci data ta *303#, ko in ɗan karɓa a manhajar bashi?

Amsa: Ban ba ka shawarar ko ɗaya ba. Rancen kati a MTN kashi 15 cikin 100 ake cirewa tun a wurin bayarwa, ka ranci 1,000 a ba ka 850. Manhajojin bashi sun fi muni, ruwansu yana da nauyi, wasu kuma suna neman izinin shiga lambobin wayarka don su kunyata ka a wurin dangi in ka makara. Jadawalin wasanni a bayyane yake tun farkon kaka, don haka ka duba shi ranar da kuɗin mako ya shigo, ka ware na gidan kallo tun kafin ka bi ta wajen mai shayi.