Me ya sa ƙaho ya mamaye simfoni na 31 na Haydn?

Tambaya: Malam, na saurari simfoni na 31 na Joseph Haydn, sai na ji masu busa ƙaho sun fi kowa tashe. Haka ake yi a zamaninsa, ko wannan ne ya fita daban?

Amsa: Kunnenka ya ji daidai, wannan ya fita daban. A zamanin Haydn masu busa ƙaho biyu aka saba sa wa a simfoni, wato dogon kiɗan Turai mai kashi-kashi da ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa, kuma yawanci aikinsu su tallafi masu goge daga baya. A wannan kuwa huɗu ya sa, ya tura su gaba. Ka tuna makaɗan fadar da ya rubuta wa ba su da yawa, duka-duka ba su kai 20 ba. Mutum huɗu suna busa ƙahon tagulla a tsakiyar 'yan mutane haka, dole su cika ɗaki.

Haydn mai tsara kiɗa ne ɗan ƙasar Ostiriya, an haife shi a ƙauyen Rohrau a 1732, ya rasu a Viyana a 1809. Tun 1761 yake aiki a fadar gidan Esterházy, kuma a 1765 ya rubuta wannan kiɗa don Yarima Nikolaus, shugaban gidan. Makaɗin fada da mutanen da ke hannunsa yake aiki. A lokacin fadar tana da gwanayen ƙaho har huɗu, shi kuwa bai bar damar ta wuce shi ba. Sunan Hornsignal da ake kiran kiɗan da shi daga baya aka laƙaba masa, saboda busar da ke buɗe shi ta yi kama da ta mafarauta da ta masu kai wasiƙu a keken doki.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙahon kansa. Na wancan zamani ba shi da maɓallan da ake dannawa a canza sauti, waɗannan sai bayan 1810 aka ƙirƙiro su. Bututun tagulla ne kawai mai tsawon kusan mita 4 da aka nannaɗe, ga mabusa a wannan kai, ga buɗaɗɗen baki a wancan. Kamar kakakin fadar sarki, da leɓe da numfashi ake fitar da sautinsa, kuma ba kowane sauti yake bayarwa ba. A ƙasa sautukan suna nesa da juna, sai an hau sama sosai suke matsowa har a iya rera waƙa da su. Shi ya sa kake jin masu busar suna ta hawa can ƙololuwa, inda leɓe ya ɗan kuskure kaɗan sai sauti ya fashe kowa ya ji. Wanda ya busa wannan lafiya ya cancanci a jinjina masa.

Kiɗan kashi huɗu ne. A kashi na biyu, mai tafiya a hankali, Haydn ya yi wata dabara: ƙaho biyu an daidaita su a kan sautin da ake kira D, biyu a kan wani daban, G. Abin da waɗannan ba za su iya fitarwa ba, waɗancan su fitar. A nan ne ma goge ɗaya da babban goge suke rera nasu su kaɗai, kuma a ganina nan ne kiɗan ya fi daɗi.

Kashi na huɗu waƙa ce guda da aka juya ta sau 7, kowane juyi a ba wani makaɗi fili: sarewa, goge, masu ƙaho, har da gogen nan mafi girma mai kaurin murya wanda ba kasafai ake barinsa shi kaɗai ba. Daga nan sai a ƙara sauri, busar farko ta dawo, a rufe.

Idan ƙahon ne ya ja hankalinka, nemi simfoni na 72, shi ma huɗu ne a ciki. Lambar kada ta ruɗe ka, ana ganin ya riga na 31 fitowa. In za ka nema a intanet, zaɓi wanda aka busa da irin ƙahon wancan zamani, marar maɓalli, don sautinsa ya fi kaifi kuma za ka ji wahalar da masu busar suke sha.